Birkina ya koma dutse, madam ta ce maciji ne

Jama'a birki idan zai lalace ai tafiya yake har ƙasa luguf, to ni nawa taurin kai ya yi. Muna gangarowa daga gadar Kabuga a tsohuwar Golf ɗina, madam na gefe, na taka birki na ji kamar bulo na taka, mota kuma tana ta nufar bayan wani mai adaidaita. Sai da na kusa miƙewa tsaye a kan fedar, ina salati ina jan hambirki, sannan ta ga dama ta tsaya.

Muna tsaye injin na ta karkarwa, silo na hawa da sauka, sai ga wani huci daga gaba, sssss. Kafin in juya madam ta dire, wai wallahi maciji ne a cikin bonet, kuma dama ta faɗa min in daina faka mota kusa da ciyawa. Nan take aka taru. Wani ya ce man birki ne, na duba a cike yake. Wani dattijo ya ce in sa fiya-fiya.

A giya ɗaya na lallaɓa har gareji. Oga baya nan, sai yaronsa, wani ɗan firit da ko gemu babu, na ce shikenan yau motata ta zama allon koyo. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya kashe mota, ya ce, "Alhaji taka birki sau biyar, sai ka danne ka riƙe." Na riƙe. Ya ce in tayar. Wai in busta na aiki, wannan baƙin kwanon da ke bayan masta, wato inda ake zuba man birki, da injin ya tashi feda za ta ɗan nutse, don zuƙar iskar injin ce ke taya ƙafa matse birki. Tawa ko gezau.

Ni har na fara lissafin kuɗin busta a kasuwar Ƙofar Ruwa, cikina na ƙugi, sai ya bi hucin da kunne ya zaro wani tiyon roba da ya taso daga injin zuwa busta, ya bushe ya tsage a gindi, ta nan yake shaƙar iskar waje. Ya canza shi, ya busa ɗan bawul ɗin da ke jikinsa ya ga iska ta gefe ɗaya kawai take wucewa, ya mayar, birki ya dawo laushi.

Na kira madam na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce to waye ya tsaga tiyon?