Alhaji ya taya Fiat a ƙarƙashin teku

Kafin yaƙin Sudan ɗin nan ya tsayar mana da sana'a, aikina a Bur Sudan shi ne raka masu nutso zuwa Umbria, jirgin Italiyan nan da ke kwance a kan gefensa na hagu a murjanin Wingate, cikin Bahar Maliya. Kyaftin ɗinsa ne ya nutsar da shi da gangan a Yunin 1940, da ya ji a rediyo ƙasarsu ta shiga yaƙi, don kada Turawan Ingila su kwashe bama-bamai wajen 360,000 da ya ɗauko. Suna nan jere har gobe. In na zo nan a bayani, kwale-kwale kan yi tsit.

Ban da ranar da aka haɗa ni da wani Alhaji, aminin kawuna, dillalin motoci daga Kano da ya samo takardar nutso a Masar. Zancen bam ko a jikinsa. Ina cewa akwai Fiat guda uku a rumbun kaya sai ya gyara zama.

"Ɗana, wane samfuri?"

"Baba, sun haura shekara saba'in a ruwan gishiri."

"Ba shekaru na tambaye ka ba."

Na maimaita musu ƙa'ida, shi da Turawa huɗu: zobe da yatsu biyu na nufin lafiya lau, babban yatsa sama kuwa na nufin a fita yanzu, ba musu. Kowa ya bi takalman iyona masu kama da ƙafar agwagwa, masu ruwan ɗorawa.

Muka sauka. Muka wuce buhunan simintin da suka zama dutse, da kwalaben giya barbaje cikin laka, Alhaji na kawar da kai. Tocilana na haska motocin sai mutumin nan ya wuce ni fuu, kamar ba shi ne ke haki a tsani ba. Ya zagaya ta farko, ya leƙa ƙarƙashinta, ya latsa taya. Na kaɗa masa yatsa alamar ba a taɓawa, bai ma kalle ni ba. Can ya juyo yana murza babban yatsa da manuni a gaban tabarauna. Na ɗauka jijiya ce ta riƙe, na kama hannun dattijo ina ta matsa masa, kifaye na kallonmu. Ya fizge, ya nuna motar, ya ɗaga babban yatsa sama da ƙarfinsa.

Cikin jirgi, kusa da bam, dattijo ya ce a fita? Gabana ya faɗi. Na ƙwanƙwasa tukunyar iskata, na tattara kowa, muka sulale waje. A mita 5 muka yi tsayuwar minti 3 da ake yi kafin a fito, agogon kowa na nuna iska fiye da rabi. A nan na ƙirga kawuna. Biyar na shiga da su, ga takwas rataye a igiya. Ashe ja-goran wani kwale-kwalen ma ruwan ɗorawa ya sa, mutanensa uku suka biyo ni. Ga shi can ƙasa yana wulwula tocila, yana neman garkensa.

Muna fitowa surutu ya kaure da Jamusanci da Italiyanci, kowa na nuna agogonsa, kowa na zancen kuɗinsa. Ni kuwa na yi kan Alhaji da ruwan sha.

"Baba, ƙirji ne? Kunne ne?"

Ya tofar da ruwan gishiri, ya goge gemu.

"Wane ƙirji? Cewa na yi motar ta yi. Na tambaye ka nawa, ka tsaya yi mini tausa." Ya rage murya don kada Turawa su riga shi. "Ta tsakiyar nan, in an yi mata fenti za ta shiga. Takardunta suna hannun Italiya ne, ko kwastan ɗin nan zan gani?"