Yatsan Nan Da Kuke Ɗaga Mana 👍

Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah na tura wa telana saƙo a WhatsApp. Na yi masa sallama, na tambayi aiki da iyali da yadda ake shan ruwa, sannan na ce: "Malam, shaddar nan guda biyu za su samu ranar Alhamis kuwa? Juma'a da asuba zan wuce gida." Ba a yi minti ɗaya ba ya aiko min da 👍. Na ajiye waya hankalina kwance. Ranar Alhamis bayan la'asar, ga ƙishirwar azumi, na ratsa cunkoson gari na isa shagonsa, na tarar da shaddata a leda yadda na kawo ta, ko alli ba a ja mata ba. Na ciro waya na nuna masa yatsan da ya turo. Ya kalla, ya yi murmushi, ya ce: "Haba Yallaɓai, ai nufina na ga saƙonka."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban isa in ce ƙarya ya yi ba. Bai ce za su samu ba, bai ce ba za su samu ba. Yatsa ya ɗaga, ni kuma na fassara shi da abin da zuciyata take so.

Tun daga ranar na lura cewa yatsan nan "to" ne da aka cire wa murya. Ku duba yadda muke amfani da "to" a baki. Akwai "to" ta amsa umarni, wadda yaro yake yi idan an aike shi. Akwai "tooo" mai jan wutsiya, ta wanda aka ba labarin da bai gama shigarsa ba. Akwai "to" gajera mai kaifi da uwargida take yi idan maigida ya ce yau ma zai yi dare, kuma duk magidancin da ya san ciwon kansa ya san wannan ba amincewa ba ce. Harafi biyu ne kacal, murya da fuska ne suke raba su. Shi 👍 duk waɗannan ma'anoni ya kwasa ya zuba a buhu ɗaya: na gani, na yarda, ka burge ni, ya isa haka ka ƙyale ni. Babu muryar da za ka saurara, babu fuskar da za ka tambaya labarin zuciya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai wannan abu yake rikitawa. A ƙasar Kanada, a lardin Saskatchewan, sai da maganar ta kai gaban alƙali. A watan Maris na 2021 wani mai saya wa kamfanin South West Terminal amfanin gona ya ɗauki hoton takardar yarjejeniya ya tura wa wani manomi ta waya, ya ce ya tabbatar masa da cinikin. Kayan wata ƙwaya ce da ake matsar mai da ita, kamar yadda muke yi da riɗi, fiye da tan 80, za a kawo a watan Nuwamba. Manomi ya amsa da 👍. Nuwamba ta zo, kaya ba su zo ba, kuma a lokacin farashin ya tashi daga dala 17 kowane awo zuwa dala 41. Da aka je kotu, manomin ya faɗi daidai abin da telana ya faɗa min: shi nufinsa ya ga saƙo. Alƙali bai tsaya kan hoton yatsan kaɗai ba, ya bi tarihin hulɗarsu, ya ga a cinikayyar baya manomin yakan amsa da 'yar gajeruwar kalma irin "to" ko "ya yi", kuma yana cika alkawari a kan hakan. A watan Yuni na 2023 ya yanke hukunci cewa yatsan nan ya tsaya matsayin sa hannu, manomi ya biya dalar Kanada 82,200. Ya ɗaukaka ƙara, a Disambar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta bar hukuncin yadda yake.

Da na karanta labarin dariya na fara yi, daga baya na ga ai mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar alƙalin nan. A wurinmu babban yatsa tun da daɗewa sa hannu ne. Kakanninmu da ba su yi boko ba da shi suke dangwala wa takardar gona da ta fansho. Da shi muke dangwala wa jam'iyya a takardar ƙuri'a. Da shi banki ya ɗauki shaidarmu ranar da aka yi mana BVN. Mutumin da ba zai yarda ya dangwala yatsansa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ko da za a kwana ana lallashinsa, shi ne kuma yake raba 👍 a waya kamar goron ɗaurin aure. Masu cinikin riɗi da zoɓo da waken suya a Dawanau, da masu tura hoton atamfa daga Kantin Kwari zuwa Maraɗi da Agadas, yanzu rabin cinikinku a WhatsApp yake. Ban ce dokar Kanada tana aiki a kanku ba. Amma ranar da kuka tsaya gaban shugaban kasuwa ko alƙali, abokin cinikinku ya miƙa waya, ga farashi ga adadin buhu ga yatsanku a ƙasa, da wane baki za ku ce gani kawai kuka yi? In ka yarda rubuta "na saya" ko "na sallama". In ba ka yanke shawara ba rubuta "na gani, zan kira ka". Kalma biyar ce, ba ta cin data.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a jefar da shi. A 2022 jaridun Turai da Amurka sun yi ta yayata cewa matasansu suna ganin yatsan nan a matsayin gatse, wai tsofaffi ne kawai suke amfani da shi. Wannan rigimarsu ce. Ni na ga amfaninsa, musamman tun da WhatsApp ya kawo damar manna alama a jikin saƙo a watan Mayun 2022. Ina cikin wani zauren 'yan ajinmu na sakandare, mun haura mutum 200. Da can idan sakatare ya sanar da ranar taro, sai ka wayi gari da saƙo tamanin: "Allah ya kai mu", "Allah ya nuna mana", "Amin", "Amin ya Rabbi", har sanarwar ta nutse, wani ya fito da rana tsaka yana tambayar wai yaushe ne taron. Yanzu kowa ya manna yatsa a jikin sanarwar, sakatare ya ƙirga, magana ta ƙare. Haka idan ƙanena ya rubuto "na iso tasha", ko mai kawo ruwa ya ce "gobe da safe", ko abokin aiki ya ce "na tura maka takardar". Duk saƙon da aike ne, wanda a baki ma gyaɗa kai ya wadatar, yatsa ya dace da shi.

Inda nake da ja shi ne inda mutum ya zo maka da kansa. Sallama ce farko. Wani ya rubuto maka "Assalamu alaikum", ka ɗaga masa yatsa. A Suratun Nisa'i, aya ta 86, an umarce mu idan aka gaishe mu da gaisuwa mu amsa da wadda ta fi ta ko mu mayar da kamarta. Hukuncin amsa sallama da hoto na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma ka gwada a zahiri: maƙwabcinka ya yi sallama a ƙofar zaure, ka fito ka ɗaga masa babban yatsa ka koma ciki. Kafin magariba unguwa ta gama jin cewa ka samu taɓuwa ko ka samu kuɗi.

Na biyu, kuma wanda ya fi min ciwo, rasuwa. Facebook ne ya ɓata mana hannu a nan. Tun 2009 da ya kawo maɓallin yatsa, sai da aka yi shekara bakwai, zuwa 2016, kafin ya ƙara fuskar kuka da sauran alamomi. A tsawon shekarun nan mun saba dannawa a kan komai, haihuwa da haɗari duk ɗaya. Lokacin da Allah ya yi wa goggona rasuwa, wadda ta goye ni, na rubuta wa wani tsohon abokina saƙo shi kaɗai, don ya san ta, ya sha cin tuwonta muna yara. Na gaya masa lokacin jana'iza da unguwar da za a yi zaman makoki. Ya aiko da 👍. Na san ba mugunta ba ce, wataƙila yana tuƙi, wataƙila yana gaban ogansa. Amma a daren nan na buɗe saƙon ya fi sau biyar ina kallon yatsan nan rawaya. "Allah ya jiƙanta" kalma uku ce. Ya zo gaisuwa ranar uku, mun rungumi juna, ban taɓa tayar masa da maganar ba. In yana karanta wannan, yanzu ya ji.

Sai maganar na gaba da na baya. Yatsan nan yana gangarowa lafiya, hawa ne ba ya yi. Idan na rubuta wa Baffana na gaya masa na biya kuɗin makarantar yaran nan, ya aiko min da 👍, daɗi nake ji, kamar ya dafa kafaɗata. Amma shi ya zauna ya yi min saƙon murya na minti huɗu, ya yi nasiha, ya sa albarka, ni kuma in mayar masa da yatsa? Wannan ko a mafarki. Sai dai in kira, ko in rubuta "Na ji Baffa, Allah ya ƙara girma, in sha Allahu zan kiyaye." Haka tsakanin ɗalibi da malaminsa, haka suruki. Matan aure kuma ku ne shaida: ki rubuta wa maigida sakin layi uku kan abin da ke damunki, ya turo yatsa ɗaya. Wannan "to" ɗin da na ce mai kaifi ce ya mayar miki, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani abin da yake ba ni mamaki, mun san haɗarin alamar hannu sarai idan ta shafe mu. Baturen da ya tura maka 🖐️ gaisuwa yake yi, ko yana nufin biyar. Kai kuwa ka tura wa Bahaushe tafin hannu a buɗe da yatsu biyar a ware, a tsakiyar musu, ka ga yadda zance zai koma kan iyaye, don daƙuwa ya gani. Shi ma babban yatsan ba ko'ina yake da farin jini ba. A Iran tsohuwar ma'anarsa zagi ce. Masu nutso a teku kuwa idan ɗaya ya ɗaga shi, cewa yake a haura sama, ba wai komai lafiya ba. Mu da muke tsantseni da yatsu biyar, ɗaya tilo muke sakewa da shi ba tare da tunanin wanda zai karɓa ba.

Bana na koma wajen telan nan, don gaskiya hannunsa yana da kyau, kuma tela mai kyau a Kano ba a rabuwa da shi kan fushin Sallah ɗaya. Na kai ɗinki tun Sha'aban. Da na rubuta masa ina tambayar rana, ya sake ɗago min yatsa. Na ce: "Malam, wanne ne a ciki? Na gani ko za su samu?" Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga saƙon murya na daƙiƙa shida, ƙarar keken ɗinki a bayansa: "Yallaɓai, gaskiya sai dai Asabar ta sama."