Yadda Goron Ɗaurin Aure Ya Ƙare a Dajin Falgore

Abokina ne zai yi aure a Jos, ɗaurin aure ƙarfe 2 na ranar Asabar, ni aka ɗora wa kai goro daga Kano saboda wai na fi kowa tsari. Tun ranar Alhamis na je Mariri na zaɓo fari ƙwarya uku, na haɗa da dabino da alawa. Na karɓo farar shaddata daga wajen masu bugu tana ƙyalli kamar madubi.

Ana sallame Asuba na nufi tasha. Na leƙa wata Sharon na ga saura mutum biyu ta cika, na biya kuɗin gaba gaba ɗaya don kada wani ya matse mini shadda. Ina zama sai na ga fasinjoji suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai kama ruwa, wancan zai sayo kati. Ashe 'yan ɗumama kujera ne. Ba mu tashi ba sai tara saura.

Na ce, "Direba, ƙarfe biyu fa ake jirana."

Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Motar nan Jos a wurinta kamar Kura ce."

Har Kwanar Dangora ban ga laifinsa ba. Muka karya kwana, muka wuce Tudun Wada, muka faɗa Falgore. Damina ce, daji ya yi kore shar, ba gida gaba ba gida baya. Can na fara jin ƙauri. Na duba allurar zafi na ga tana kwance abinta. Na nuna masa, ya ce ai wannan ta rasu tun bara, da hanci yake aunawa. Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe daga bonet.

Lagireto ne ya huje. Direba ya zagaya motar sau biyu, ya tsaya ya riƙe ƙugu, sannan ya tambaya da babbar murya ko akwai mai ɗanyen ƙwai. Na ɗauka yunwa ce ta taɓa masa kai. Ashe dabara ce: a fasa ƙwai a zuba cikin lagireto, zafi ya dafa shi, ya je ya toshe hudar. Aka yi sa'a wata tsohuwa a kujerar baya tana ɗauke da ƙwan zabi za ta kai wa 'yarta Saminaka. Ta ce ba kyauta ba. Nan take duk idanu suka juyo kan mai farar shadda.

Na ce, "Iya, nawa ɗaya?"

Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta faɗi kuɗin da zai sayi zabuwar da kanta. Na biya biyar. Direba ya fasa huɗu, na biyar kuma ya jefa aljihu, wai na ko-ta-kwana.

Sai maganar ruwa. Aka tattara ruwan ledar kowa, lagireto ya shanye bai ce uffan ba. Yaron wani ɗan kasuwa ya tafi neman kududdufi da galan, ya kusa awa bai dawo ba. Ni kuma na shiga farautar sabis. Na ɗaga waya gabas, na ɗaga yamma, daga ƙarshe na hau wani suri na samu sanda ɗaya. Ango ya ɗauka, na ce "Muna Fal…" ta yanke. Daga baya na ji har an fara tambayar wace ƙasa ce Fal.

Ina saukowa na tarar da buhuna a buɗe. Wani dattijo mai carbi yana zaune a gindin bishiya yana rabo, kowa kumatunsa ya kumbura.

Na ce, "Baba, na ɗaurin aure ne fa!"

Ya ce, "To ai shi ya sa, yaro. Goron ɗaurin aure na jama'a ne. Mu ɗin nan dabbobi ne?" Ya tambayi sunan ango da amarya, ya ɗaga hannu, mota guda ta shafa fatiha. Ni ma na shafa, me zan yi? Har tsohuwar ƙwai ta rangaɗa guɗa, ta ƙulle goro shida a bakin zane.

Abin mamaki, ƙwai ya yi aiki. Sai dai da aka murza makulli, batir ya ce bai san zancen ba. Tura! Aka ce masu ƙarfi su koma baya, ni kuma Allah ya sa rabona ya faɗo daidai bakin salansa. Ɗaya, biyu, uku, direba ya saki kuloci, mota ta yi tari, ta feso mini baƙin hayaƙi tun daga ƙirji har gwiwa, taya kuma ta cike gurbin da jan laka.

Daga nan muka riƙa tafiya irin ta hawainiya, muna shayar da lagireto a Saminaka, mu ƙara masa a Jengre. Ana kiran La'asar muka shiga Farar Gada.

Na isa gidan biki an naɗe tabarmi, ana kwance rumfa. Na ƙirga abin da ya rage: goro 17, dabino babu, alawa sai ledarta. Ina tsaye ina shirya kalaman ban haƙuri, kawun ango ya fito, ya ƙare wa kayana kallo, fuskarsa ta washe.

"Yawwa, sannu da zuwa! Tun safe muke jiranka. Ga janaretan can bayan gida."