Ba rauni ba ne, gautsi ne

Duk labarin da ka kunna a rediyo ko ka buɗe a intanet kwanan nan, abu ɗaya za ka ji: yarjejeniya mai rauni, zaman lafiya mai rauni, gwamnati mai rauni. Masu fassarar labarai sun samu kalma ɗaya sun maƙale mata, alhali Hausa na da wadda ta fi dacewa tun kaka da kakanni, wato gautsi.

Rauni na marar ƙarfi ne: majinyaci, tsoho tukuf, hadisin da isnadinsa bai inganta ba. Gautsi kuwa na abu ne mai tauri wanda ba ya lanƙwasa. Ƙwai, tangaran, busasshen kara, gilashin fitila. Ka danna shi ba zai lotsa ba, amma ya kuɓuce maka sau ɗaya shi ke nan. Je ka wurin mai sayar da tukwane a kasuwa ka ga yadda take ƙwanƙwasa tukunya da yatsa tana sauraron ƙararta kafin ta miƙa maka. Ita ba za ta ce tukunyarta na da rauni ba.

Dubi tsagaita wutar da sojojin Sudan da abokan gabarsu, dakarun kar-ta-kwana na RSF, suka sa wa hannu a Jidda a watan Mayun 2023. Wane ne mai rauni a cikinsu? Kowa da bindigoginsa. Yarjejeniyar ce gaggautsa, harsashi ɗaya ya isa ya tarwatsa ta. Wanda aka ce masa "mai rauni" zai zaci lallaɓawa take bukata har ta warke, kuma ba labarin ba ke nan.

Editoci za su ce matasa ba za su gane ba, wai Hausar ƙauye ce, ta tsofaffi. Wannan lalaci ne aka yi wa rawani. Su wa suka koya wa jama'a "ɗumamar yanayi"? Ba su ba ne? Kuma yaron da uwarsa ta taɓa kwaɓa a kan gautsin baki ai ya san kalmar.

Tun 1934 ƙamusun Bargery ya tattara kalmomi har da na Sakkwato da Katsina da Gobir, bai ce na wani gari shara ba ne. Daidaitacciyar Hausa ta jingina da karin Kano don a samu rubutu ɗaya, ba don a tankaɗe kalmomi a zubar ba. Jami'ar Bayero ma ta fitar da nata ƙamusun a 2006. A ajiye ɗaya a kowane ɗakin labarai, a kuma riƙa buɗe shi kafin a hau iska.