Kwamishinan Shari'a ba shugaban alƙalai ba ne

Da yawa a Kaduna, in hukunci bai yi musu daɗi ba, sai a ce a je a kama ƙafa da Kwamishinan Shari'a ya sa alƙali ya sauya. Wannan ba huruminsa ba ne. Gwamna ke naɗa shi, majalisar dokokin jiha da ke Lugard Hall ta tantance shi, kuma sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ya shekara 10 da zama lauya. Alƙalai suna ƙarƙashin Babban Jojin jiha.

Ikon Kwamishinan yana sashe na 211: ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓi wadda wani ya shigar, ko ya janye ta kafin hukunci. Bayan hukunci sai ɗaukaka ƙara, ita kuma tana da wa'adi. Mai zaryar ofishinsa riƙe da takarda, kwanakin ɗaukaka ƙararsa ne ke ƙarewa.