Ina son filin wasan, amma ba da bashi ba

Kwana uku ke nan majalisarmu ta bayan Isha ba ta da hira sai ta bashin da aka ce ƙaramar hukumarmu za ta ciyo daga banki don gina wurin wasanni da shaƙatawa. Jiya har murya ta tashi tsakanina da yayana. Ya ce, "Haba ƙanena, kai da kake koya wa yara ƙwallo, kai ne za ka soki filin wasa? Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa." Maganar ta kwana a raina.

Wallahi ba wanda ya fi ni son filin nan. Ku shigo layinmu bayan La'asar ku gani. Silifas biyu nan, biyu can, su ne raga. Adaidaita na shigowa sai a ɗauke ƙwallo a raɓe jikin katanga, in ta wuce a ci gaba. Bara da damina ɗan maƙwabcinmu ya bi ƙwallo ya faɗa kwata, hannunsa ya karye, ni na goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori. Filayen da muka yi wasa muna yara duk sun zama shaguna, kududdufai an cike an yanka fulotai. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata da na Sabon Gari da Mahaha ba za su ɗauki yaran ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano ba. Kuma kowa ya san inda yaron da ba shi da abin yi da yamma yake ƙarewa: ƙwaya, daba, ƙwacen waya.

To amma a zauna a yi lissafi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma a kan wannan suke ɗora nasu. In an ba ka a kashi 30, kowace naira ɗari tana haifar talatin duk shekara, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Da kasuwa ce ko tashar mota za a gina, sai in ce kuɗin hayar rumfuna zai riƙa biya. Filin wasa me zai kawo? Hanya biyu ce kawai. Ko a sa tikiti a ƙofa, a riƙa bayar da wurin haya don bukukuwa, yarana masu buga ƙwallo ba takalmi su koma leƙe ta katanga. Ko kuma a riƙa zare kuɗin daga kason da ke zuwa duk wata, wanda da shi ake biyan malaman firamare, da shi ake riƙe asibitin sha-ka-tafi da kwashe shara. Unguwar da har yau ruwan garuwa muke saye, a ce mun fara biyan banki kafin mu ga ruwa a famfo?

Abin da ya fi damuna shi ne wa'adi. Shugaban ƙaramar hukuma shekara uku yake yi ya tafi. Shi zai yanke zare a ɗauki hoto, wanda ya gaje shi kuma ya tarar da bashi, bai ga dalilin gyara wurin da ke ɗauke da sunan wani ba. Haka lilo ke tsatsa, fitilu su mutu, ciyawa ta cinye. Mun sha gani.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mun yi murna, domin mun daɗe muna kukan asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha. Zai yi mini ciwo a ce abu na farko da za mu yi da wannan 'yancin shi ne jingina kasonmu ga banki. Ga kuma batun riba, wanda a Kano bai kamata a tsallake shi kamar ba komai ba. Gwamnatin tarayya ma a 2017 ta hanyar sukuk, wato tsarin tara kuɗi na Musulunci da ba kuɗin ruwa a ciki, ta tara naira biliyan 100 ta yi tituna.

Yara ba su ce a yi musu ginin gilashi ba. Fili suke so. A hana sayar da ragowar filayen makarantu, a baje ƙasa, a kewaye, a kafa raga biyu na ƙarfe, a sa fitila mai amfani da hasken rana da banɗaki, a ware gefe mai inuwa da mata za su kawo ƙananan yara. Bana mazaɓa ɗaya, baɗi wata, da kuɗin da ke hannu. Ƙungiyoyin unguwa su karɓi kulawa, mu mun yarda mu yi shara da gadi.

In kuma an dage sai an ciyo, to a liƙa takardar a ƙofar sakatariya: nawa ne, daga wane banki, shekara nawa, wa zai yi kwangilar. Ranar Asabar za mu je wurin kansilanmu da waɗannan tambayoyin. Yaya ya ce zai zo, duk da har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba.