Formula 1: a bar ɗora wa direba laifin da iska ta yi

Duk sanda mota ta gaza a gasar tseren motoci ta Formula 1 sai ka ji mutane sun yi ca a kan direba, wai ya tsufa ko ba shi da zuciya. Ni dai ban yarda ba, domin yawanci tun a masana'anta ake cin tseren ko a faɗi.

Ku dubi ƙungiyar McLaren a 2023. Tsere biyu na farko ko maki ɗaya ba su samu ba, amma da suka kawo sabon ƙasan mota da sabon jiki a Ostiriya sai ga direbansu Lando Norris na huɗu, mako ɗaya bayan nan a Silverstone ta Birtaniya ya zo na biyu, kuma fa direban nan ne dai, injin ma na Mercedes ne bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda iska ke ratsa ƙarƙashin motar tana danne ta a kwalta, taya ta kama sosai, direba ya shiga kwana da gudu ba tare da bayan motar ya zame ba. A 2024 suka ɗauki kofin kamfanoni, rabonsu da shi tun 1998.

To amma ba kowane sabon kaya ne alheri ba, nan ne abin ke damuna da masu murna da zarar sun ji an ce gyara ya iso. Ferrari ta kai sabon ƙasan mota Barcelona a 2024, a kwamfuta komai lafiya lau, a kan hanya kuwa motar ta dinga tsalle a kwanoni masu gudu har sai da suka koma tsohon a Silverstone. Mercedes ma ta nace wa siririn gefen motarta tun 2022, sai a Monaco 2023 ta haƙura.

Shi ya sa nake goyon bayan dokar FIA, hukumar da ke kula da gasar, ta taƙaita gwaji a ɗakin iska (wurin da ake hura wa samfurin mota iska don a ga yadda take ratsa ta), inda ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ke samun kashi 70 cikin ɗari na ma'aunin lokacin gwaji, ta ƙarshe kuma kashi 115, wato fiye da ma'aunin, ga kuma iyakar kashe kuɗi da aka fara a 2021 da dala miliyan 145. Da can mai kuɗi sai ya ƙera fiffiken mota goma ya zaɓi ɗaya, yanzu kuwa in injiniyoyinka suka yi kuskuren lissafi sau ɗaya watanni sun tafi, kuma wallahi ko gwanin direba Max Verstappen ka saka a motar ba zai dawo maka da su ba.